Keken Vernon Tillery

Vernon Tillery yana cikin kulle motarsa a filin ajiye motoci na gidan karta, sai ga wani mutum mai sanƙo, da katin wurin aiki rataye a wuya, ya sha gabansa.

"Mista Tillery? Glenn ne, ɗan Fumiko."

Vernon ya dube shi daga sama har ƙasa. Rabonsa da Glenn tun ranar jana'izar uban, shekara tara ke nan, kuma a lokacin da gashi a kansa.

"Ka girma," in ji Vernon.

"Shekarata hamsin da biyu."

"Abin da na ce ke nan."

Glenn bai yi dariya ba. Ya waiga wajen ƙofar gilashin da uwarsa ta riga ta shige, ya rage murya. Makon jiya, in ji shi, wata maƙwabciya ta tarar da Fumiko tsaye a bakin titi da ledar cefane a hannu, tana bin gidaje da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta rasa wanne ne nata. Gidan da ta shekara arba'in da ɗaya a ciki. Abin bai wuce minti biyar ba ta dawo daidai, har ta yi wa maƙwabciyar faɗa a kan shisshigi. Amma labari ya kai garin Sacramento wurin Joyce, yayar Glenn, ita kuwa Joyce ba ta kwana da magana. Ta samo ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita, an ce za a riƙe mata shi zuwa ranar Juma'a.

"Ni na ce a dakata," in ji Glenn. "Matar da take zaman awa huɗu kullum tana cinye wa maza kuɗi a karta, ta yaya za a ce kanta ya juye? Joyce ta ce to in je in gani da idona. Shi ya sa na ɗauki hutun rabin rana yau. In wasanta yana nan yadda yake, mu bar ta a gidanta, mu samo mai leƙo ta da yamma. In ba ya nan, to, Juma'a."

"Ita ta san abin da ya kawo ka?"

"Na ce mata abincin gidan nan na yi marmari."

"To ta sani," in ji Vernon. "Ba a taɓa yin wanda ya yi marmarin abincin gidan nan ba. Ka iya wasan?"

"Na dai san mai ƙananan kati shi ke ci."

"Ka fi Rigo na teburinmu sani ke nan. Mu je."

Tebur sittin ne a gidan. Hamsin da tara na samari ne masu baƙin tabarau da abin jin waƙa a kunne, masu wasan zamani na kati biyu. Na sittin ɗin yana can kusurwa, tsakanin ƙofar kicin da hanyar banɗaki, shi ne teburin lobol, kuma in ka haɗa shekarun mutum bakwai da ke zama a kansa za ka haura ɗari biyar. Masu gidan sun daɗe suna jiran su mutu a sa injin sayar da lemo a wurin, su kuma sun ƙi.

Lobol karta ce da aka kifa. Kati biyar ake ba ka, ka canza waɗanda ba ka so sau ɗaya tak, wanda hannunsa ya fi ƙanƙanta ya kwashe abin da aka zuba. Sarki da sarauniya shara ne. Kati biyu masu lamba ɗaya, tagwaye ke nan, sun fi shara muni. Hannu kuwa da babban katinsa ake kiransa: mai tara yana cikin fargaba, mai takwas ya ɗan sarara, mai bakwai yana iya kiran a kawo masa abinci. Ƙarshen kyau shi ne ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, wanda ake kira keke, babu abin da ke doke shi. In kuwa hannun da aka ba ka ya ishe ka, ba ka son canji, ba sai ka buɗe baki ba, ka ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsu.

Vernon ya shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a cikin birni bai taɓa gogar ko kwandon shara ba, kuma haka yake karta. Ba ya canza kati biyu, ba ya shiga hannun da ba shi da dalilin shiga. Dokarsa a kan tara kowa ya haddace ta, don ya faɗe ta ya fi sau dubu ba wanda ya tambaye shi. In Rigo ya ƙwanƙwasa a gabanka, riƙe tararka, don Rigo ko da goma ƙwanƙwasawa yake. In Fumiko ta ƙwanƙwasa, fasa hannun, ka yar da tarar ka nemi sabon kati, don Fumiko Hoshide ba ta taɓa ƙwanƙwasa tebur da abin da ya haura takwas ba tun da aka kafa garin Gardena.

Tsayuwar da Glenn ya yi da shi ta ja masa. Rigo Salcedo, tsohon mai rufin gidaje, ya riga ya baje a kujerar Vernon yana shan kofi.

"Tashi," in ji Vernon.

"Da sunanka a jiki?"

"Da shatin mazaunina a jiki. Shekara goma sha shida."

"To yau ta huta, tsoho."

Kujera ɗaya ta rage, ta hagun Fumiko. A wasa kujera ce mai kyau, don na hagu bayan na dama yake magana, sai ya ga abin da ta yi kafin ya yanke nasa. Amma ba mai son ta, saboda tana daidai ƙarƙashin bakin na'urar sanyaya ɗaki, iskar tana sauka a ƙeyar mutum ba sassauci. Vernon ya zauna yana ƙunƙuni. Glenn kuma ya samu wuri a bayan shingen ƙarfen da 'yan kallo ke tsayawa, inda zai ga fuskoki da abin da aka baje a tebur, amma ba zai ga katin da ke hannun kowa ba.

Fumiko 'yar ƙaramar mace ce mai shekara saba'in da tara, da rigar sanyi mai maɓalli har wuya, jaka a cinya, gorar shayinta a gefe. Ba ta ɗago ba.

"Ka makara," ta ce.

"Ɗanki ne ya tsare ni."

"Ya ce maka abinci ya kawo shi?"

"Haka ya ce."

"Tun yana yaro bai iya ƙarya ba. Ubansa ya gado."

Perla, mai rabon kati, ta wanke katin ta fara rabawa.

Ba a yi hannu biyar ba Vernon ya lura da abin da daga tsohuwar kujerarsa ba a gani. Wuyan hannun Fumiko na hagu ya sankare da ciwon gaɓɓai, in ta ɗauki kati sai ya karkata wajensa. Shi kuwa a cikin abubuwan da yake taƙama da su har da cewa bai taɓa cin kwabo da leƙe ba.

"Fumiko, ɗaga katinki, ina ganin kayan cikinki."

"To kau da idonka."

Ya kau da ido, amma ido ba ya jin magana. A hannu na gaba ya ga sarauniya biyu a gefen katinta. Ya jira ta zubar da hannun. Sai ta bi kuɗin da aka zuba, da aka zo canji ta riƙe sarauniyoyin ta tura wa Perla sauran.

"Uku," ta ce.

Rigo ya ajiye kofinsa. "Uku? Fumiko ta canza uku? Perla, duba waje ki gani ko teku ta ƙafe."

Fumiko ta ɗauki sababbin katin ta dube su, ta dubi tebur. "Rayuwarka nake ɗanɗanawa in ji yadda take," ta ce wa Rigo, ta zubar da hannun a kife. "Ba daɗi."

Aka yi dariya, har da Glenn daga bayan shinge, ko da yake bai san abin da ake wa dariya ba. Vernon ne kaɗai bai yi ba, amma da yake ba kasafai yake yi ba, ba wanda ya lura.

Bayan nan ta yi awa guda tana wasa tsaf, yadda kowa ya san ta. Ta kama Rigo da takwas ta karɓe masa, ta zubar da tara a gaban wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ya ƙwanƙwasa, kuma ya nuna bakwai. Vernon ya fara gaya wa kansa idonsa ne ya yi masa gizo, ko kuwa sanyin da ke dukan ƙeyarsa ne. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi katinta ya sake karkatowa. Ɗaya, biyu, huɗu, shida, da sarki. Duk ɗan lobol yana mafarkin irin wannan, ka yar da sarkin ka ja kati ɗaya. Fumiko ta dube su ta taɓe baki.

"Ba komai a ciki," ta ce ƙasa-ƙasa, ta jefar.

A nan Vernon ya gane. Kafin Fumiko ta san lobol, kartar da ta fara koya ita ce ta gida, wadda marigayi mijinta Shig da 'yan'uwansa ke yi a teburin kicin ranar sabuwar shekara, inda manyan kati ke ci, tagwaye kuma abin murna ne. Ta sha ba su labarin. Can kanta yake komawa. Abin yana ɗaukewa ya dawo, kamar rediyon bas in an shiga ƙarƙashin gada, ita ma ba ta sanin lokacin da ya ɗauke. Tausayi da tsoro suka kama Vernon a haɗe. Ya dubi agogo. Saura minti arba'in a tashi cin abinci, Glenn ya ce daga nan zai koma.

Saura minti goma sha biyu Perla ta raba hannun da ya ɓata wa Vernon rana.

Fumiko ta buɗe da ƙarin kuɗi. Vernon ya ɗauki nasa yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Uku. Ɗaya. Biyar. Biyu. Na ƙarshe huɗu. Keke, cikakke, daga hannun Perla kai tsaye, ba sai an canza ba.

Irin wannan sau ɗaya yake zuwa a wata ɗaya ko biyu, kuma yawanci in ya zo sai ka tarar ba mai komai, kowa ya zubar, ka kwashi 'yan kwabban da ba su kai kuɗin kofi ba. Vernon ya ƙara a kan ƙarin Fumiko, fuskarsa kamar ta mai jiran fitilar hanya ta ba shi hannu. Sauran suka zubar. Rigo ya bi, don Rigo ba ya iya ganin taro bai shiga ba. Fumiko ta sake ƙarawa. Vernon ya sake ƙarawa, iyakar abin da doka ta yarda. Rigo ya dubi katinsa, ya dubi su biyun.

"Ko ni na san lokacin da ake sauka daga kan rufi," ya ce, ya zubar.

Fumiko ta bi. Tulin da ke tsakiya ya fi duk wanda teburin ya gani tun farkon wata.

"Kati nawa, Misis Hoshide?" in ji Perla.

Fumiko ta gyara katin a hannunta, suka karkato. Vernon bai ga duka ba, biyu ya gani a gefe, bakwai da bakwai, kafaɗa da kafaɗa. Ya ɗago ya dubi fuskarta. Shekara goma sha shida, ko keke ta riƙe, fuskar nan ba ta motsi. Yau murmushi take yi wa katin. Ta ƙwanƙwasa tebur sau biyu da ƙarfi.

"Mista Tillery?" in ji Perla.

Abu biyu ne, kuma Vernon ya san su duka. Akwai burgar da 'yan lobol ke yi, in an ba ka tarin ƙananan kati masu maimaita juna. Hannun shara ne, amma ka san ƙananan suna wurinka, abokin karawarka zai sha wuya kafin ya samu, sai ka ƙwanƙwasa kamar mai bakwai, ka zuba kuɗi, ya tsorata ya gudu. Rigo yana yin ta sau biyu a mako, ana kama shi sau biyu a mako. Fumiko ba ta taɓa yi ba. Ɗayan kuma, tana teburin kicin ɗin Shig, tana ganin ta riƙe hannun da zai ci kowa.

In ya ƙwanƙwasa kekensa ya bi ta, dole a baje kati. Za ta shimfiɗa nata tana alfahari, ta miƙa hannu biyu ta jawo tulin, Perla ta dafa mata hannu a hankali ta ce, Misis Hoshide, keke ne fa, ƙarami ke ci. Ita kuma ta ce tun yaushe. Duk a gaban Glenn, wanda abu ɗaya tak ya sani game da wasan, kuma shi ne wannan. In kuwa ya zubar, ko burga ce ko ba burga ba, za ta miƙa hannu ta jawo tulin, kuma nata ne. Sai dai mutumin da ya yi ƙari sau biyu ya kuma ƙwanƙwasa ba ya zubarwa haka kawai, ko Rigo sai ya gane da wani abu. Yana bukatar dalili, dalilin kuma a canji yake.

Haushi ya kama shi, haushi na gaske. Ya ji haushin Glenn da ya tsare shi a waje, da Joyce da bai taɓa gani ba, da Rigo fiye da kowa, don da yana kujerarsa da bai ga komai ba, da ya ci kuɗinsa da zuciya ɗaya ya je ya ci abinci.

"Mista Tillery, bas na jira," in ji Perla.

Vernon ya zare biyar ɗin ya tura mata a kife. "Ɗaya."

"Tara ce," in ji Rigo, yana gaya wa teburin. "Ya fasa tara. Dokar Vernon, aya ta ɗaya. Ka yi ƙari sau biyu da tara, tsoho? Ashe kai ma kana da jini a jika."

Perla ta turo masa kati. Fumiko ta zuba kuɗinta ba ta dubi kowa ba.

Ɗan lobol ba ya buɗe katin canji gaba ɗaya, sai ya sha wahalar kansa tukuna. Yana ɗaga dogon gefen kaɗan-kaɗan yana ƙirga ɗigon da ke bakin. In gefen fari ne, ɗaya ne ko biyu ko uku. Ɗigo biyu, huɗu ko biyar. Ɗigo uku, shida zuwa takwas. Vernon ya dafe katin a tebur ya ɗaga gefen da babban yatsa.

"Me ka gani?" in ji Rigo, ya miƙo wuya.

"Biyu a gefe."

"Huɗu ko biyar. Allah ya sa ba ka da su."

A hannun Vernon akwai ɗaya, biyu, uku, huɗu. In huɗu ce, ya yi tagwaye, ya zubar ba tare da ya yi wa kowa ƙarya ba. Tun da ya fara karta bai taɓa roƙon Allah ya ba shi tagwaye ba sai ranar. Ya ƙara ɗaga katin ya leƙa tsakiya, inda huɗu ba ta da komai. Ɗigo yana nan zaune a tsakiyar. Biyar ce. Keken da ya kora ya zagayo ya dawo.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Huɗu," ya ce. "Tagwaye."

Bai miƙa wa Perla katin ba, da kansa ya cusa su can tsakiyar waɗanda aka zubar, yadda ko Rigo ba zai iya zaro su ba.

Wanda kowa ya zubar masa ba dole ne ya nuna hannunsa ba, kuma Fumiko ba ta taɓa nunawa ba, ko Shig ba ta nuna wa. Yau ta shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a kan koren ƙyallen. Bakwai guda uku, shida guda biyu. Ta miƙa hannu biyu ta rungumo tulin.

Teburin ya yi tsit. Tsohon ma'aikacin gidan waya ya cire tabarau ya goge ya mayar. Vernon ya san shirun nan in ya ƙara daƙiƙa biyu wani zai yi tambaya.

"Burga," ya ce, da muryar da yake sanar da tasha ta ƙarshe, yadda za ta kai bayan shinge. "Shekara goma sha shida ina fasa mata tara, ashe da shara take ƙwanƙwasa mini."

Rigo ya daki tebur ya fashe da dariya har kofinsa ya zube. Sauran suka kama. Perla ma, wadda doka ta hana ta nuna ɓangare, ta sunkuyar da kai kafaɗunta suna rawa.

Fumiko ta tsaya da hannu a kan kwabban. Ta dubi masu dariya, ta dubi katinta, ta juyo ta dubi Vernon. Shi kaɗai ya ga abin yana dawo mata. Murmushin ya tafi, yatsunta suka damƙe bakin tebur. Daga nan ta saki, ta fara jera kwabban biyar-biyar yadda ta saba.

"Tsoro ya yi maka yawa, Vernon," ta ce. "Direban bas."

Rigo bai jira a tashi ba ya tafi wurin shinge ya yi wa Glenn bayani, da hannu da ƙafa, yadda uwarsa ta kori mutumin da ya fi kowa taurin kai a Gardena da hannun da ko yaro ba zai riƙe ba. Ya ce a shekara talatin bai ga burga mai tsabta irin wannan ba, kuma shi masanin burga ne.

Da aka tashi cin abinci Glenn ya samu Vernon a wurin tulun kofi. Fuskarsa ta saki, ya koma kamar mai shekara arba'in da tara.

"Mista Tillery, tsakani da Allah, ya ka gan ta?"

"Na ga ta cinye ni."

"A'a, ina nufin kanta."

"Dala tamanin ta raba ni da su a hannu ɗaya. Ka ji abin da Rigo ya ce."

Glenn ya kama hannunsa ya girgiza, ya fita waje yana laluben wayarsa. Vernon ya tsaya da kofi a hannu, bai ji daɗin komai ba. Ba ƙarya a amsar da ya ba Glenn, amma ya san abin da ya yi. Ya tuna bakin titi da ledar cefane, ya tuna akwai murhun gas a gidan, kuma ba kowace rana ce take da maƙwabciya a waje ba.

Ya koma ya tarar da Fumiko ita kaɗai a teburin, an turo mata soyayyar shinkafa da ƙwai a kan ɗan teburi mai taya, tana tsince koren wake tana tarawa a gefe. Ya zauna a kujerarsa mai sanyi.

"Me ka yar?" ta ce.

"Tara."

"Kai da tara ba ka ƙari sau biyu ko ranar haihuwarka ce. Sannan in kana da keke kunnenka na dama yana motsi."

Vernon ya taɓa kunnensa. "Tun yaushe?"

"Tun shekara goma sha shida. Ya motsa kafin canji, ya kuma motsa bayan canji."

"Biyar na yar, biyar ta dawo."

Fumiko ta ajiye cokali. Kafaɗunta suka ɗan girgiza da dariya. "Wawa," ta ce. "Sau biyu."

"Burga ce?" in ji Vernon. Ya san amsar, amma yana so ya ba ta hanyar fita in tana so.

Ba ta bi hanyar ba. "Na ga bakwai uku na ji daɗi," ta ce. "Har ƙamshin miyar sabuwar shekara na ji. Na ce yau sai ƙanen Shig ya yi kuka. Sai na ji kuna dariya, na duba na ga Rigo. Ka san abin takaici ne mutum ya farka ya ga Rigo."

"Glenn yana waje yana gaya wa Joyce ta saki ɗakin."

"Ta saki. Ɗaki ba ya ƙarewa a irin gidajen nan, kullum ana samun wanda ya tashi." Ta ture wake ɗaya da bakin cokali. "Zan gaya masa da bakina. Amma a wasan nan ba a taɓa gaya mini kati nawa zan canza ba, ba kuma Joyce ce za ta fara ba. Lemon da Shig ya dasa a bayan gida saura wata biyu ya nuna. In na tsinke shi, sai in gaya masa."

"Wata biyu da yawa, Fumiko. Akwai gas."

"Na kashe shi daga waje tun makon jiya. Shayi ma da butar lantarki nake yi. Ka ɗauka sai yau na sani?" Ta dube shi ido cikin ido. "In lemon ya nuna na manta, ka tuna mini. In na ce ban san zancen ba, kai ka gaya masa."

Vernon ya dubi kofinsa. Bai so aikin ba, ko kaɗan. "To," ya ce.

"Kuma kada ka riƙa yar da keke kullum. Fanshon direba ba zai kai wata biyu ba."

Glenn ya shigo ya sumbaci uwarsa a goshi, ya ce zai koma wurin aiki, ya dawo ya ɗauke ta ƙarfe uku. Ta tambaye shi ko ba zai ci abincin da ya yi marmari ba. Ya dubi shinkafar ya ce ya ƙoshi.

Ƙarfe ɗaya aka dawo wasa, ban da Rigo, wanda likitan haƙori ke jira. Perla ta zauna ta fasa sabon kati, ta nuna kujerar da ya bari da haɓa.

"Mista Tillery, kujerarka ta fita."

Vernon ya dubi kujerar. Tana can nesa da iska, ga shatinsa a jiki, kuma daga can ba a ganin katin kowa.

"Bar ta," ya ce. "Riƙe mini nan, ina zuwa."

Ya fita filin motoci, ya buɗe bayan motarsa ya ɗauko tsohuwar rigar sanyinsa ta aikin bas, ya sa, ya ɗaga wuyanta har ƙeya. Ya dawo ya zauna a hagun Fumiko. Perla ta raba. Fumiko ta ɗauki nata, suka karkato wajensa, bai ce mata ta ɗaga ba.